Hayaƙin Dalma a Ogijo da Hukuncin Malamai

Jama'a, sana'ar gwangwan ta riƙe gidaje masu yawa daga Agege har Sabon Shagamu, kuma babu mai musun halaccinta. Addini ya hana almubazzaranci. Har ma ya zo a hadisi cewa Manzon Allah (SAW) ya ga mushen tunkiya an yar, ya nuna da an jeme fatar an amfana da ita. Saboda haka wanda ya tsinci mataccen batirin mota ya sayar domin a narke dalmar cikinsa a ƙera sabo, ya yi abin kirki.

To, amma ina ake narkewar, kuma ta yaya? A Ogijo ta Jihar Ogun, kan hanyar Ikorodu zuwa Shagamu, masana'antu sun yi shekaru suna fasa batura suna toya dalma, ƙurar tana sauka a tsakar gida da filin makaranta. A 2025 'yan jarida suka sa aka auna jinin mutum 70 a garin, aka iske bakwai cikin kowane goma suna ɗauke da dalma mai cutarwa. Dalmar da aka tace kuwa jirgin ruwa ke kai ta Amurka, a yi sababbin batura da ita. Watau riba ta ƙetare teku, guba ta kwana gida. Wanda ya tuna yara fiye da 400 da dalma ta hallaka a Zamfara a 2010 ba ya bukatar a gaya masa abin da take yi wa ƙwaƙwalwar yaro.

Malamanmu ba su bar wannan babi ba. A cikin Muhtasar, littafin da alƙalai suka daɗe suna hukunci da shi a ƙasar nan, Shehu Halilu ya ce alƙali ya hana hayaƙi irin na gidan wanka da ɗoyi irin na majema idan suna cutar maƙwabta. A lura, jima halal ce, amma halaccinta bai sa an ƙyale majemi ba. In an hana ɗoyi, wanda iyakarsa hanci, ina ga ƙurar da ke shiga jini? Masu masana'anta kan ce suna ba mutane aiki. Gaskiya ne, sai dai ƙa'idar fiƙihu ta gabatar da tunkuɗe ɓarna a kan jawo amfani, kuma wanda ya yi ɓarna shi ke da ramuwa.

Hukumar NESREA ta sami dokar batura a 2024, an kuma rufe waɗansu masana'antun a 2025. Madalla. Amma kwaɗo a ƙofa ba ya kwashe dalmar da ta riga ta shiga ƙasa, ba ya biyan kuɗin maganin yara. Wannan nauyi na masu masana'antun ne da masu sayen dalmarsu.

Dillalanmu su ma da nasu. Wanda ya tuttular da ruwan batir a kwata don kaya su yi sauƙin ɗauka, shi ma ya shiga hukuncin majemin nan, ko da shagonsa rumfa ce a bakin titi.