FATAN BATURE DA FATAN BAHAUSHE

Abin da ya sa na ɗauki alƙalamina shi ne wata kunya da na sha a zangon karatun da ya wuce. Yayana ya rubuta jarrabawar WAEC, yana zaune a gida yana jiran sakamako. Ni kuwa don in nuna masa Turancina ya nuna, sai na aika masa da wasiƙa na ce, "I wish you had passed." Nufina fatan alheri ne. Da amsarsa ta iso sai na ga ya rubuta, "Ƙanena, wa ya gaya maka na faɗi?"

Na kai wa malaminmu na Turanci wasiƙar. Ya yi dariya, sa'an nan ya bayyana mini cewa Bature ya raba fatansa gida biyu. Idan abu mai yiwuwa ne sai ya ce "I hope", kamar "I hope you pass", wato ina fata ka ci. Idan kuwa abin ya riga ya kuɓuce, ko ba haka yake ba, sai ya ce "I wish", ya ja aikatau baya. Mai cewa "I wish I had a bicycle" ba shi da keke. Mai cewa "I wish I were tall" gajere ne. Ashe ni jaje na yi wa yayana tun sakamako bai fito ba.

To, ga ra'ayina. Wannan darasi ba baƙo ba ne a wurin Bahaushe, mu ne muke mai da shi baƙo. Ai mu ma muna da "ina fata" da "Allah ya sa" don abin da muke sa rai, muna kuma da "da ma" da "ina ma a ce" don abin da ya fi ƙarfinmu. Ko ƙaramin yaro ba zai ce wa mai jiran sakamako "da ma ka ci" ba. Da na tsaya na auna maganata da ma'aunin Hausa, da ban yi wannan kwaɓa ba. Haddar ƙa'ida kamar aku ita ke kai mu ta baro.

Amma a yi hattara, don kalmar "wish" tana da wata fuska. In aka bi ta da suna, kamar "I wish you a safe journey", fatan alheri ne tsantsa, daidai da "Allah ya kiyaye hanya". Shi ya sa suke rufe wasiƙa da "best wishes".

Sai kuma maganar ladabi. Bature yakan ji nauyin "I want" a bakin mai roƙo, ya ɗauke ta kamar umarni. Mai ladabi cewa yake yi "I would like". Da yawa daga cikinmu mukan tsaya gaban malami mu ce "I want my book", alhali da Hausa ba za mu yarda mu ce wa babba "ba ni littafina" ba, sai dai "don Allah Malam, ko zan sami littafina?" Me zai sa ladabin da muka sha a nono ya tsaya a ƙofar aji?

Wasu abokaina sun ce ai Bature ba ya sa Allah a fatansa, saboda haka koyon irin maganarsa zai ɓata mu. Ban yarda ba. Kalmar "goodbye" da muke faɗa kullum, asalinta "God be with you" ce, wato Allah ya kasance tare da kai, baki ne ya gutsure ta shekaru ɗaruruwa da suka wuce. Suna kuma da "God willing", wadda ta yi daidai da in Allah ya yarda. Gaskiya ne suna da nasu camfe-camfen, kamar harɗe yatsu biyu don neman sa'a, ko hure kyandir ranar zagayowar haihuwa a ƙudura buri a zuci. Waɗannan sanin su ya ishe mu, ba sai mun aikata ba.

Saboda haka ina roƙon malamanmu, in sun zo wannan darasi, su riƙa kwatanta mana da Hausa. Iyayenmu kuma su daina ganin Hausa ce ke hana yaro Turanci. Ni dai Hausa ce ta warware mini abin da hadda ta ƙulla.

A ƙarshe, yayana ya ci jarrabawarsa, kuma har yau in ya gan ni sai ya ce, "Ga mai jaje nan." A nan zan dasa aya, tare da yi muku fatan alheri, irin na mai yiwuwa.