Tafiyar da Ma'aikata Ilimi Ne, Sai An Koya

Kowace shekara, idan damina ta ɗauke aka buɗe makarantu, samari da ƴan mata da suka ci jarrabawar bakaloriya suna yin tururuwa zuwa jami'o'in Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa. Mai neman likitanci ko shari'a ko ilimin noma ba ya shan wahalar yi wa iyayensa bayani, domin kowa ya san amfanin likita da alƙali da malamin gona. Amma yaron da ya ce zai karanta ilimin tafiyar da ma'aikata, wanda ake taƙaitawa da haruffan GRH a Faransanci, sau da yawa tambaya ɗaya yake gamuwa da ita a gida: ashe sai mutum ya shiga jami'a kafin ya iya ba da umurni a biro? Tambayar tana da ma'ana, kuma ta cancanci amsa. Amsar ita ce, ba da umurni shi ne mafi ƙanƙanta a cikin aikin. Abin da ake koyo shi ne yadda za a ɗora mutumin da ya dace a gurbin da ya dace, bisa ƙa'ida rubutacciya wadda babba da yaro suka sani, a kuma kiyaye haƙƙinsa tun daga ranar da ya kama aiki har ranar da ya ajiye shi.

Darasin farko da ɗalibi ke samu shi ne ƙidaya da hangen gaba. Kafin ma'aikata ta ɗauki ko mutum ɗaya, wajibi ne ta san mutum nawa take da su, shekarun kowa nawa, wane aiki kowa ya iya, su wa za su tafi ritaya nan da shekara biyar, kuma wa zai maye gurbinsu. Darasi na biyu shi ne takardar bayanin gurbi, wadda ake rubuta abin da ake bukata daga mai riƙe da kujera: aikinsa na kullum, wanda yake ƙarƙashinsa, wanda zai kai wa rahoto, da irin sanin da ya kamata ya kasance da shi. Ana rubuta wannan takarda tun ba a san sunan wanda zai zauna ba. Sai an gama da waɗannan biyu ake zuwa ga ɗauka, ta hanyar sanarwa a fili da jarrabawar gasa da ganawa da masu nema. Bayan haka sai tsarin albashi da ƙarin girma, horo a bakin aiki, auna aikin kowa a ƙarshen shekara, ladabtar da mai laifi bayan an saurari hanzarinsa, tattaunawa da sandika da wakilan ma'aikata, kiyaye lafiya a wurin aiki, da shirya takardun fansho. A tsarin karatu na yanzu, shekara uku ake yi a sami digiri na farko, a ƙara biyu a sami na biyu. Kowane ɗaya daga cikin darussan nan yana tafe da lissafi da doka da sanin halin ɗan Adam.

Wannan ilimi yana da tarihi, kuma sanin tarihin yana hana ɗalibi ɗaukar littafi kamar wahayi. A shekara ta 1911 wani injiniya ɗan Amurka, Frederick Taylor, ya wallafa littafinsa a kan tsara aiki, inda ya riƙa auna motsin ma'aikaci da agogo, yana ganin cewa idan aka rarraba aiki gunduwa-gunduwa aka biya kowa gwargwadon abin da ya fitar, to an gama. A shekara ta 1916 Henri Fayol, Bafaranshe shugaban wani kamfanin haƙar ma'adinai, ya kasa aikin shugaba kashi biyar: hangen gaba, tsarawa, ba da umurni, daidaita sassa, da bin sawun aiki. Daga baya, binciken da aka yi tsakanin 1924 da 1932 a masana'antar Hawthorne kusa da birnin Shikago, wanda sunan Elton Mayo ya shahara da shi, ya jawo hankali ga abin da Taylor ya raina: ma'aikaci yana ƙara ƙwazo idan ya ga an san da zamansa, kuma abokan aikinsa suna da tasiri a kansa kamar yadda albashi yake da shi. Masana sun yi ta gardama a kan yadda aka gudanar da wannan bincike, amma darasin ya zauna. A shekara ta 1959 Frederick Herzberg ya ƙara da cewa rashin albashi mai kyau yana kawo gunaguni, amma albashi shi kaɗai ba ya haifar da son aiki. Abin da ke haifar da shi shi ne amana da yabo da ganin hanyar ci gaba.

Ƙasar Nijar tana da nata tarihin a wannan fage, kuma ya fara da ɗaci. Dattawa sun ba da labarin aikin tilas na zamanin Nasara, lokacin da ake kwasar majiya ƙarfi daga ƙauyuka zuwa gyaran hanya da ɗaukar kaya ba tare da yardarsu ba. Dokar 11 ga Afrilu 1946, wadda ke ɗauke da sunan Houphouët-Boigny, ita ta soke wannan zalunci, sa'an nan a watan Disamba na 1952 aka kafa dokar aiki ta ƙasashen da Faransa ke mulka. Bayan samun mulkin kai a 1960, sabuwar gwamnati ta tarar da kujeru da yawa da ƴan ƙasa masu ilimi kaɗan. Shi ya sa aka buɗe makarantar horar da ma'aikatan gwamnati ta ENA a 1963, aka kafa asusun kula da ma'aikata na CNSS a 1965, aka kuma sa hannu kan yarjejeniya tsakanin masu ba da aiki da ma'aikata a 1972. Karatu mai zurfi ya fara a Yamai a 1971, ya zama jami'a a 1973, aka raɗa mata sunan Abdou Moumouni a 1992. A 2010 aka kafa jami'o'in Maraɗi, Damagaram da Tawa, kuma ta Tawa tana da sashen shari'a da tattalin arziki da tafiyar da ayyuka. Wato wuraren koyo sun samu.

Dokoki ma sun samu. Dokar aiki ta 25 ga Satumba 2012 ta tsayar da sa'o'i 40 a mako, ta ba ma'aikaci hutun kwana biyu da rabi a kan kowane wata na aiki, ta ba mace mai ciki hutun haihuwa na mako 14. Albashi mafi ƙanƙanta da doka ta yarda da shi, wanda ya tsaya a jika 30 da ƴan kai tun 2012, daga baya an ɗaga shi zuwa jika 42. Ma'aikatan gwamnati kuma an yi musu tasu doka ta musamman a 2007. Amma doka ba ta da ƙafa, sai an ɗauke ta an kai ta inda ake bukata. Mai gadi ko direba ko ƴar aikin kanti da ba a rubuta sunansu a CNSS ba, ranar da haɗari ya same su ko tsufa ya zo, ba abin da takardar doka za ta tsinana musu. Wanda aikinsa ne ya rubuta su, ya riƙa zuba musu kuɗin asusu a kan lokaci, shi ne jami'in kula da ma'aikata. Idan bai san dokar ba, ko ya sani ya kau da kai, iyali guda ne ke shiga uku.

A nan ne babbar matsalar take. A ma'aikatu da dama, har yanzu ana kallon biron kula da ma'aikata kamar ɗakin ajiyar takardu, inda ake tura wanda aka rasa yadda za a yi da shi. Sakamakon kuwa kowa ya san shi. Malamin lakkwal da aka tura daji yana yin watanni bai ga albashinsa na farko ba saboda takardunsa sun maƙale a kan wani tebur. Ungozomomi da malaman asibiti suna cunkushe a manyan birane, alhali ɗakin shan magani na karkara yana hannun mutum ɗaya wanda ba ya da mai canjinsa ko ranar sallah. Dattijon da ya yi wa ƙasa bauta shekara talatin yana yawo daga ƙofa zuwa ƙofa yana neman takardar da aka ɗauke shi aiki da ita, domin babu wanda ya adana ta. Bayan waɗannan duka akwai cutar da ma'aikata da kansu suka laƙaba wa suna PAC, wato dangi da abokai da sanayya. Masu bincike na cibiyar LASDEL, wadda aka kafa a Yamai a 2001, sun daɗe suna rubutu a kan tazarar da ke tsakanin ƙa'idar da ke cikin littafi da al'adar da ake bi a zahiri cikin ma'aikatu. Inda sanayya ke ba da kujera, shugaba ba ya iya tsawata wa malalaci domin ya san wanda ya kawo shi, mai ƙwazo kuma gwiwarsa tana sanyi domin ya ga ƙwazo ba ya kai mutum ko'ina. A ƙarshe talakan da ya zo neman takardar haihuwa ko magani shi ke biyan kuɗin wannan ɓarna da lokacinsa da lafiyarsa.

Wasu za su ce kakanni sun iya jagorancin mutane ba tare da jami'a ba, kuma sun faɗi gaskiya. Madugu yana fita da ayari ya dawo da shi lafiya, sarkin noma yana tara gayya a nome gona cikin yini ɗaya, samariya ta gina azuzuwa da rijiyoyi da ƙarfin matasa. Sai dai madugu ya san kowane ɗan ayarinsa da fuska, ya san ubansa, ya san raƙuminsa. Ma'aikatar ilimi kuwa tana da malamai dubbai barbaje daga Tera zuwa Ngigmi, kuma babu ƙwaƙwalwar da za ta riƙe su sai rajista da kwamfuta da ƙa'ida. Adalcin da madugu ke yi da idonsa, a babbar ma'aikata sai da tsari ake iya yin sa.

Duk da haka, wannan magana tana ɗauke da gargaɗi ga malaman jami'a. Littattafan da aka rubuta a Faransa ko Amurka ba su san zaman makoki na kwana uku ba, ba su san yadda aiki ke sauyawa a watan azumi ba, ba su san nauyin da ke kan saurayi ɗan shekara talatin da aka ɗora a kan sa'an mahaifinsa ba, balle matsin da dangi ke yi wa wanda ya sami kujera. Ɗalibin da ya haddace Taylor da Fayol amma bai taɓa tunani a kan waɗannan ba, ranar farko da kawunsa ya shigo biro riƙe da takardun ɗansa zai rasa ta cewa. Ya kamata a riƙa koyarwa da misalan da aka ɗauko daga asibitoci da ma'aikatun magajin gari da masana'antun ƙasar, a kuma koya wa ɗalibi yadda zai bayyana wa lebura haƙƙinsa da Hausa ko Zabarmanci ko Fulatanci, tunda yawancin waɗanda zai yi wa aiki ba su jin Faransanci. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo.

Saboda haka nauyi ya rataya a wuyan kowa. Jami'o'i su tabbatar babu ɗalibin da zai karɓi takardar shaida bai yi watanni yana koyon aiki a cikin biro na gaskiya ba, ya taɓa lissafin albashi da hannunsa, ya zauna ya saurari ƙorafin ma'aikaci. Hukumomi su daina ɗora wanda bai koyi wannan fanni ba a kan kujerar kula da ma'aikata, su buɗe wa tsofaffin jami'an da ke kan kujerun hanyar komawa ƙarin karatu, su kuma kare jami'in da ya ƙi karɓar alfarma maimakon a yi masa canjin wurin aiki na horo. Ƴan kasuwa da masu kamfanoni, manya da ƙanana, su gane cewa kuɗin da ake kashewa wajen riƙe ƙwararren ma'aikaci bai kai asarar da ake yi ba idan ya tafi aka koma koya wa sabo. Ƙungiyoyin ma'aikata su ma su tura wakilansu su koyi wannan ilimi, domin tattaunawa ta fi armashi idan ɓangarori biyu sun san abin da doka ta ce.

Su kuma ɗalibai, ya kamata su san abin da suka zaɓa tun da wuri. Wanda ya shiga wannan fanni don neman kujera mai juyawa da mota ya yi ɓatan kai. Aiki ne na haƙuri da riƙon sirri, domin a hannunsa takardun rashin lafiyar mutane da bashinsu da laifinsu za su kasance. Zai ce a'a ga wanda yake jin kunya, zai kuma gaya wa shugabansa gaskiya idan umurninsa ya saɓa wa doka. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi: ɗalibin da ya saba da satar amsa a aji, ba za a sa ran ya tsare jarrabawar ɗaukar ma'aikata da amana ba.

Nijar tana cikin ƙasashen da jama'arsu ta fi yawan matasa a duniya, kuma kowace shekara dubbansu ne ke fitowa neman aiki. Ƙarfen uraniyom na Arlit da man fetur na Agadem dukiya ce mai ƙarewa, kuma ko kafin ta ƙare, ba ta amfanar kowa sai da hannun mutanen da aka zaɓa da kyau, aka horar, aka biya haƙƙinsu. Uban da ɗansa ko ƴarsa suka zaɓi wannan karatu ya sa musu albarka da zuciya ɗaya. Idan suka koya da gaske, aka kuma bar su suka yi aiki da abin da suka koya, malamin daji zai sami albashinsa a kan kari, dattijo kuma zai karɓi fanshonsa ba tare da ya durƙusa wa kowa ba. Allah ya ba magabata ikon sauraro, ya ba matasa ikon riƙon amana.