Zancen Malamin Makarantar Manya: Maho Ba Abin Kunya Ba Ne

Wanga wata zancenmu a kan allura da zare yake.

Ga dalili. Akwai wani ɗalibina da ya kwana goma bai zo karatu ba. Na tahi gidansu na tambaye shi lahiya. Ya sunkuyar da kai ya ce ƙaya ta yaga masa riga a kafaɗa wajen kiwo. Ba shi da wata, kuma yana jin kunya ya zauna cikin mutane da maho. Kun ji fa! Ƴar yagewa wadda ba ta kai tafin hannu ba ta so ta raba mutum da karatunsa.

Na tabbata ba shi kaɗai ba ne. Daga Tasawa zuwa Korgom, daga Mayahi zuwa Kananbakashe, in riga ta yage sai mu yar da ita mu nufi masu bosho. Alhali kuɗin tufa daga rumbu yake fita. Wanda ya saida tiya goma ta hatsi da kaka don ya sai riga, zai nemi tiyar nan da damina ya rasa. Dattawa sun tuna 1994, da aka karya darajar sefa, kayan waje suka yi tsada. Mu ma mun ga 2023, da aka rufe iyaka da Najeriya. Mai allura a gida bai sha wahala kamar wanda ba shi da ita ba.

Ba mu kaɗai muka san maho, ko faci, ba. A ƙasar Sudan, daga 1881, mabiyan Muhammadu Ahmad Mahadi jibba mai maho suke sawa, don su nuna ba su damu da ƙawar duniya ba. Daga baya teloli suka riƙa yanka mahon daidai wa daida, shuɗi da ja, har ya zama ado. A arewacin ƙasar Japan sanyi ya hana auduga yi, ƙyalle ya yi wuya. Matan manoma suka riƙa ɗora tsumma bisa tsumma, suna bin sa da farin zare a kan baƙin rini irin na babanmu. Wannan ɗinki suna ce masa sashiko. Yau waɗannan tufafi suna ajiye a gidajen tarihi, mutane na zuwa kallo.

To mu da muke da aska biyu da aska takwas a wuyan babbar riga, wa zai koya mana ado da zare? Abin da ya rage mu kai wannan gwaninta inda riga ta yage. Ga yadda ake yi:

1. A wanke rigar, a wanke ƙyallen mahon, su bushe. Sabon ƙyalle yana tsukewa in ya sha ruwa, sai ya ja tsohon ya ƙara yaga shi. Tsohuwar riga, tsohon ƙyalle mai sauran ƙarfi ya dace da ita.

2. A ɗaga rigar a rana a duba. Duk inda haske ke ratsawa, wurin ya mutu. A yanka maho ya wuce wurin nan da yatsa biyu ta kowane gefe.

3. A kalmashe bakin mahon don kada ya warware. A shimfiɗa shi yadda zarensa zai bi zaren rigar, tsaye da tsaye, kwance da kwance.

4. A ɗauki zare kamu ɗaya. In ya fi haka sarƙewa yake. Zaren auduga ya fi. Na roba ya fi tsohon ƙyalle ƙarfi, yana yanka shi.

5. A fara kewaye bakin mahon. Sa'annan a bi cikinsa layi layi, kamar kunya a gona, tsakanin layi da layi faɗin karan ashana biyu. Kowane taku na allura kada ya wuce ƙwayar shinkafa. Kada a ja zare da ƙarfi, ƙyalle zai tattare.

Waɗannan layuka su ne ƙarfin aikin. Suna haɗa maho da riga su zama abu ɗaya, nauyi ba ya taruwa a baki kawai. Tunda ba ɓoye shi za mu yi ba, a zaɓi zare mai launi: fari bisa shuɗi, ja bisa baƙi. Wanda ya iya ɗinkin sarƙa ya kewaye shi da shi.

Haka ake yi wa gwiwar wando, da gwado kafin ɗari ya shigo, da buhun hatsi. Kada kuma a manta da sange. Ƴar huda ta ishi sauro ya shiga wa yaro. A ɗinke ta ran da aka gan ta.

Ni da ɗalibina mun zauna gindin bedi mun yi aikin tsakanin azahar da la'asar. Da ya gama, ya rubuta harafin farko na sunansa da jan zare a kusurwar mahon. Washegari ya dawo makaranta. Maimakon dariya, mutum uku suka kawo nasu rigunan. Yanzu duk ran Alhamis, bayan lissafi, muna ɗaukar rabin awa da allura, maza da mata kowa a nasa aji.

Hausawa sun ce komi ƙanƙantar allura ƙarfe ce. Ku gwada a gida. Wanda ya san wani ɗinki da ya fi wannan ƙarko, ya rubuto mana da hannunsa, mu buga kowa ya amfana.

Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.