Haba Malam, Zaman Jidda Ne Laifin?

Malam, ka rubuta cewa duk wanda ya taɓa aiki a ƙasar waje, DSS ta hana shi muƙamin da ya shafi sirrin ƙasa. Wato likitan Babban Giji da ya je Jidda duba marasa lafiya ya zama ɗan leƙen asiri ke nan?

Daga Bankin Duniya Obasanjo ya ɗauko Ngozi Okonjo-Iweala ya naɗa ta ministar kuɗi a 2003, a 2005 kuma aka yafe wa Najeriya bashin dala biliyan 18. Kemi Adeosun kuwa, takardar NYSC ce ta sauke ta daga kujerar ministar kuɗi a 2018, ba zaman Landan ba.

A binciki fasfo na biyu, da asusun banki, da wanda mutum ya yi wa aiki can. Ƙirga hatimin biza kam, ko masinja zai iya.