Yawon Shan Iska A Teku Lokacin Annoba: Hikima Ne Ko Ganganci?

A ƙasashen Turai da Amurka akwai wata al'ada wadda ta yi ƙarfi ƙwarai, har ta bazu zuwa sauran sassan duniya. Mutum ya kan yi ta tara kuɗi, in lokacin hutunsa ya zo sai ya yanki tikiti ya shiga wani ƙaton jirgin ruwa, ya yi mako ɗaya ko biyu yana yawo a teku. Ba fatauci ne ya fitar da shi ba, galibi ma inda jirgin ya tashi nan ya ke komowa. Abin da ya saya da kuɗinsa shi ne ci da sha da hutawa, da kallon tsibirai da biranen bakin teku inda a kan tsaya na yini guda. Jiragen nan kuwa garuruwa ne sosai bisa ruwa, da ɗakunan kwana, da gidajen cin abinci, da kantuna, da majigi, da wuraren iyo. Manyansu su kan ɗauki fasinja fiye da 5,000 ban da ma'aikata. A shekarar 2019 kaɗai mutum kusan miliyan 30 suka yi irin wannan tafiya.

Tambayar da mu ke so mu duba yau ita ce: in annoba ta ɓarke a duniya, ya kamata mai hankali ya shiga irin wannan jirgi don shan iska? Wani ya ce ai magana ta wuce, tun da ran 5 ga Mayu 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye shelar gaggawar da ta yi a kan cutar korona, jiragen kuma sun koma harkarsu. Haka ne. Amma annoba ba ta yin sallama ta har abada, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Yanzu da hankali ya ke kwance, yanzu ne ya fi dacewa a auna abin da ya faru.

Mu fara da jirgin da a ke kira Diamond Princess. Ya tashi daga Yokohama ta ƙasar Japan ran 20 ga Janairu 2020. Wani dattijo mai shekara 80 ya sauka a Hong Kong ran 25 ga wata, ran 1 ga Fabrairu aka tabbatar yana ɗauke da cutar. Da jirgin ya komo Yokohama ran 3 ga Fabrairu sai hukuma ta tsare shi, aka ce kowane fasinja ya zauna a ɗakinsa har kwana 14. Mutum 3,711 ne a ciki, watau fasinja 2,666 da ma'aikata 1,045. Kafin a gama, 712 sun kamu, aƙalla 13 suka riga mu gidan gaskiya. Akwai lokacin da in ka cire ƙasar Sin, babu wuri guda a duniya da ya tara masu cutar kamar wannan jirgi.

Dalilan da suka jawo haka ba ɓoyayyu ba ne. Na farko, cunkoso. Cutar da ke bin numfashi ba ta da abin so kamar mutane da yawa cikin rufaffen wuri, suna ci tare, suna raye-raye tare, kwana da kwanaki. Na biyu, da yawa daga masu irin wannan tafiya tsofaffi ne waɗanda suka bar aiki, su ne kuwa cutar ta fi kayarwa. Na uku, kusan rabin waɗanda aka samu da cutar a jirgin nan ba su nuna wata alama ba sa'ad da aka gwada su, saboda haka auna zafin jiki a bakin ƙofa bai isa ya tare ta ba. Na huɗu, ma'aikata. An ce fasinja ya kulle kansa a ɗaki, to, wa zai dafa masa abinci ya kai masa? Kuku da masu wanki da masu shara suka ci gaba da aiki, suna kwana biyu-biyu ko fiye a ƙananan ɗakuna can ƙasan jirgi, suna cin abinci a wuri ɗaya. Ɗakin shan maganin jirgi kuwa, komai kyansa, an shirya shi ne don 'yan tsirarun marasa lafiya, ba zai iya da ɗaruruwa ba.

Haɗari na biyu shi ne a hana jirgi tsayawa. Wanda ya ke tudu, in ciwo ya kama shi a kan kai shi asibiti. Wanda ya ke tsakiyar teku sai wata ƙasa ta yarda ta buɗe masa tasharta. Cikin Fabrairu 2020 jirgin Westerdam ya yi wajen mako biyu yana gararamba, Japan da Taiwan da Filifin da Guam da Tailan duk suka ƙi karɓarsa, alhali a lokacin ba a tabbatar da cutar a jikin kowa cikinsa ba. Sai ran 13 ga wata ƙasar Kambodiya ta bar shi ya tsaya a Sihanoukville. Na jirgin Zaandam ya fi muni. Ya tashi daga Buenos Aires ran 7 ga Maris, ƙasashen Kudancin Amurka suka rufe tashoshinsu, cuta ta ɓulla a ciki, mutum huɗu suka mutu a kan ruwa. Sai da aka yi ta roƙo kafin a bar shi ya ratsa mashigin Fanama, bai sami sauke mutane a Florida ba sai ran 2 ga Afrilu.

A nan akwai wani abin lura ga waɗanda suka san aikin hukuma. Yawancin jiragen nan ba a ƙasar masu su a ke yi musu rajista ba. Kamfani yana Amurka, tutar jirgi ta Bahamas ce ko Fanama ko Malta, fasinjoji daga ƙasa ashirin ko talatin, ma'aikata kuwa galibi 'yan Filifin da Indunusiya da Indiya. Muddin ana zaman lafiya wannan bai dami kowa ba. Ran da masifa ta sauka sai kowace gwamnati ta ce nauyin ba nata ba ne. Bayan an sauke fasinjoji a 2020, dubban ma'aikata sun yi watanni a tsare cikin jiragen, ba hanyar komawa gida.

Watakila wani ya ce: kuɗina ne, raina ne, kowa ya ɗebo da zafi bakinsa. Da a ce cutar tana tsayawa kan wanda ya ɗauko ta, da mun yi shiru. Amma a dubi jirgin Ruby Princess. Ran 19 ga Maris 2020 ya tsaya a Sidni ta Ostiraliya, aka bar fasinja wajen 2,700 suka sauka tun sakamakon gwajin marasa lafiyan cikinsu bai fito ba. Suka shiga jiragen ƙasa da na sama da motoci, kowa ya nufi garinsu. Ɗaruruwa suka kamu, an kuma danganta mutuwar mutum 28 da wannan jirgi. Kwamitin binciken da gwamnatin jihar ta kafa ya ce ma'aikatan lafiyarta sun yi manyan kurakurai, cikin Oktoba 2023 kuma wata babbar kotun ƙasar ta yanke cewa kamfanin ya yi sakaci, kamata ya yi ya soke tafiyar tun farko.

Wannan ba sabon abu ba ne ga wanda ya karanta tarihi. Tun 1377 birnin Ragusa, wanda yau a ke kira Dubrovnik, ya kafa doka a tsare masu zuwa daga ƙasar annoba kwana 30 kafin su shiga gari, daga baya aka mayar da shi kwana 40, daga wannan arba'in ɗin ne Turawa suka samo kalmarsu ta killace matafiya. Babbar murar nan ta 1918 ta jirgin ruwa ta shigo mana Afirka ta Yamma. Jirgin yaƙin Ingila mai suna Mantua ya kai ta Firitawun cikin Agusta, cikin Satumba jirgin Bida ya sauke masu ita a Ikko, daga nan ta bi hanyar jirgin ƙasa ta hau Arewa. A cikin tekun Fasifik kuwa, jirgin Talune ya tsaya a Samowa ta Yamma cikin Nuwamba 1918, ba a tsare shi ba, kimanin kashi ɗaya cikin biyar na mutanen ƙasar suka mutu cikin 'yan makonni. Maƙwabciyarta Samowa ta Amurka, wadda gwamnanta ya rufe tasha ya ƙi buɗewa, ba ta rasa ko mutum guda ba.

Adalci ne kuma mu ji ta bakin ɗaya ɓangaren. Sana'ar nan tana ciyar da mutane masu yawa, daga matuƙa da masu dafa abinci har direbobi da masu sayar da tsaraba a tsibiran Karibiyan, inda tattalin arzikin wasu ƙasashe ya dogara ga baƙi. Da gwamnatin Amurka ta hana jiragen tashi ran 14 ga Maris 2020, har sai cikin Yuni 2021 kafin manyan jirage su sake ɗaukar fasinja daga tashoshinta, waɗannan bayin Allah sun sha wuya ba kaɗan ba. Kamfanonin kuma suka ce a jirgi ana iya yin abin da ba a iya yi a gari: a gwada kowa kafin ya shiga, a rage yawan fasinja, a gyara hanyoyin iska, a ware ɗakunan killace marasa lafiya. Maganarsu da ƙamshin gaskiya.

Sai dai abin da ya biyo baya ya nuna iyakar wannan dabara. A ƙarshen Yuli 2020 cutar ta ɓulla a jirgin Roald Amundsen na ƙasar Norwe jim kaɗan bayan ya koma aiki. Cikin Nuwamba na shekarar, ƙaramin jirgin SeaDream I ya tashi daga Barbados bayan an gwada fasinjojinsa, duk da haka aka katse tafiyar saboda an sami masu cutar. Dalili kuwa shi ne, wanda ya kamu jiya ko shekaranjiya gwajin yau ba lalle ya nuna ba. Abin da ya sauya al'amari sosai shi ne allurar rigakafi, wadda ta rage mutuwa da kwanciya asibiti ƙwarai. Amma ko da ita, da nau'in Omikron ya zo, ran 30 ga Disamba 2021 hukumar hana yaɗuwar cututtuka ta Amurka ta gargaɗi jama'a da su guji jiragen nan, wanda ya yi allura da wanda bai yi ba. Ba ta janye gargaɗin gaba ɗaya ba sai ƙarshen Maris 2022.

Akwai kuma batun aljihu, wanda akawu da malamin makaranta suka fi kowa sanin zafinsa. Lokacin annoba ne a kan karya kuɗin tikiti don a jawo mutane, araha kuwa ba ta ado. Da aka soke tafiye-tafiye a 2020, kamfanoni da yawa sun fi son su ba mutum takardar bashin wata tafiya nan gaba maimakon su mayar masa da kuɗinsa. Wasu kamfanonin ma suka karye, kamar Cruise & Maritime Voyages na Ingila cikin Yuli 2020. Inshorar tafiya da yawa ba ta biyan asarar da annobar da aka riga aka yi shelarta ta jawo. In an sauke mutum a wata ƙasa ba shi da lafiya, kuɗin asibiti da na masauki da na komawa gida suna iya ninka kuɗin tikitin sau da yawa.

Mu kuwa muna da abin koyi tun kafin likitocin zamani. Sa'ad da Sayyidina Umar ya nufi Sham ya ji labarin annoba ta sauka can, sai ya yi shawara da Sahabbai ya juya da jama'arsa, aka kuma shaida masa cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana shiga ƙasar da annoba ta ke, ya hana wanda ke ciki fita. Saboda haka mai cewa tsautsayi ba ya wuce ranarsa, ya tuna tawakkali bai hana a ɗaure raƙumi ba. A zamaninmu ma mun gani: a 2019 mutum wajen miliyan biyu da rabi suka yi aikin Hajji, a 2020 ba a bar kowa ya zo daga waje ba, a 2021 aka tsaya kan mazauna ƙasar 60,000. In an jinkirta farilla don tsare rayuka, ina dalilin gaggawa a kan shan iska?

Ra'ayinmu dai shi ne wannan. In cuta sabuwa ce, ba a san halinta ba, ba magani, ba rigakafi, ƙasashe kuma suna buɗe tasha yau su rufe gobe, shiga jirgin shan iska ganganci ne, da muguwar rawa gara ƙin tashi. In kuwa an sami rigakafi, mutum ya yi, cutar ta lafa a inda za a tashi da inda za a tsaya, to, abin ya koma ga hankalin mai tafiya, bisa sharuɗɗa. Ya ga likita tukuna, musamman in ya manyanta ko yana da ciwon sukari, ko na zuciya, ko na huhu. Ya karanta takardar kamfani da ta inshora ya san wa zai biya in an soke tafiya ko an killace shi. Ya tanadi guzurin kwanakin da zai iya ƙarawa ba da shiri ba. In ya komo ya nisanci tsofaffin gidansa na 'yan kwanaki.

Gwamnatoci kuma aikinsu ne su shirya tun yanzu: a san tashar da za ta karɓi jirgin da cuta ta ɓulla cikinsa, da asibitin da za a kai marasa lafiya, da wanda zai mayar da ma'aikata gida. Malamai kuwa su koya wa yara labarin Samowa biyun nan, don darasinsa ya shafi kasuwa da makarantar kwana da gidan biki kamar yadda ya shafi jirgi. Allah Ya kiyashe mu da annoba, Ya ba shugabanni basirar yin abin da ya kamata a kan lokaci, amin.