LEƘEN LOKESHIN: Takarda Kafin Kyamara

Mai kallo yana zaune a ɗaki, ya ga jarumi ya fito daga wani katafaren gida, ya faɗa mota, ya hau titi, sai ga 'yan sanda sun tare shi. Minti biyu kacal an wuce wurin. Abin da bai gani ba shi ne zirga-zirgar da furodusa ya sha kafin a samu minti biyun nan. Gidan na wani ne, titin na hukuma ne, kakin nan kuma yana da masu shi. Kowanne sai da izini. Don haka duk matashin da ke mafarkin shiga industiri, musamman a Kano, ya kamata ya san cewa takarda ce ke gaba, kyamara na biye.

Wannan magana tana da tarihi. A watan Disamba na 2000, bayan ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Kano, gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso ta dakatar da harkar fim baki ɗaya. Aka shiga fadi-tashi, har aka kafa Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano a 2001, sannan aka koma aiki. Tun daga lokacin ɗan fim a Kano ya zama mai iyayen gida biyu: ga hukumar tace finafinai ta ƙasa da aka kafa tun 1993, ga kuma ta jiha. Takardar Abuja ba ta hana Kano ta nemi tata.

Amma shekarar da 'yan fim ba za su taɓa mantawa da ita ba ita ce 2007. Bayan wani abin kunya da ya girgiza industiri, gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta naɗa Malam Abubakar Rabo Abdulkarim ya shugabanci hukumar. Aka hana fita lokeshin na tsawon wata shida. Da aka buɗe a 2008, sai ga sababbin sharuɗɗa: kamfani ya yi rajista, ya mallaki ofis, ya nuna jarin Naira miliyan 2.5, kowane ɗan fim ya yi rajistar kansa, labari kuma a kai shi a duba tun kafin a fara ɗauka.

Ba da wasa aka yi ba. A 2007 kotun tafi-da-gidanka ta ɗaure Adam A. Zango wata uku kan albam ɗinsa na "Bahaushiya" da aka ce ya fitar ba tare da an tace ba. A 2008 marigayi Rabilu Musa Ibro ya sha ɗaurin wata biyu. A ƙarshen shekarar kuma aka yanke wa Hamisu Lamiɗo Iyan-Tama hukunci kan fim ɗinsa "Tsintsiya" da batun rajistar kamfani, duk da cewa ya musanta zargin, kuma ya ɗaukaka ƙara. Mai karatu ya lura da kyau: a duk shari'un nan uku, maganar takarda ta shigo. In har manya irin waɗannan za su kwana a gidan yari, ina ga yaron da ya ari kyamarar abokinsa?

Su wa suka ji a jikinsu? Ba jarumai kaɗai ba. Da furodusoshi suka kwashi kayansu suka nufi Kaduna da Jos, mai abincin lokeshin ta rasa ciniki, direban bas ya rasa haya, yaron da ke riƙe fitila ya koma zaman majalisa. Dokar da aka rubuta a ofis, tukunyar talaka ta fara taɓawa.

Wani zai ce ai wannan zamanin kaset da sidi ne, yanzu kuwa da waya ake ɗauka a ɗora a YouTube, wa zai kula? To, a 2023 da Abba El-Mustapha, wanda shi kansa jarumi ne, ya karɓi hukumar, ya soke lasisin 'yan industiri ya ce kowa ya sake rajista. A watan Mayu na 2025 kuma hukumar ta dakatar da finafinai masu dogon zango guda 22, ciki har da "Labarina" da "Daɗin Kowa", bisa dalilin cewa ana nuna su ba tare da an kawo an tace ba. Ashe dai intanet ba mafaka ba ce.

Kakin 'yan sandan nan ma ba abin ɗinkawa a saka kawai ba ne. A 2022 rundunar 'yan sanda ta ƙasa ta gargaɗi masu fim da masu barkwanci cewa duk wanda ya yi amfani da kakinta ba da izini ba zai fuskanci kamu. Balle a zo ga bindigar roba a tsakiyar unguwa, inda mai wucewa bai san fim ake yi ba.

Akwai kuma izinin da ba a buga masa hatimi, amma ya fi kowanne saurin tashin lokeshin. Shi ne na mutanen wurin. Darakta mai wayo, kafin ya sauke kaya, zai je ya gaida mai unguwa, ya faɗi abin da za a yi da lokacin da za a tashi. In kasuwa ce, a nemi shugabanninta. In gidan aro ne, a yi magana da maigidan kansa, ba ɗansa ba. In an kira salla, a kashe janareto. Sau nawa aka ga an gama kwalliya, an saita kyamara, sai dattijo guda ya fito da carbinsa ya ce ba a nan ba? Shi ke nan, kuɗin mota, kuɗin abinci da hayar kayan aiki na ranar sun bi ruwa, alhali sallama da gaisuwa kawai aka tsallake.

Haka abin yake ga masu shirya gala da bikin ba da kyauta. Kafin a buga fosta, a tabbata zauren da aka kama yana da lasisi, hukuma ta san da taron, an sanar da jami'an tsaro. Ba abin da ya kai a sayar da tikiti, 'yan kallo su cika, sannan a zo a rufe ƙofa ciwo.

Sai dai ita ma hukuma akwai nata. Doka in za a bi ta, sai an san ta. Ya kamata a riƙa buga sharuɗɗa da kuɗin kowace takarda da Hausa, a liƙa inda kowa zai gani, kuma kada kowane sabon shugaba ya zo da nasa salon. Ƙaramin furodusa da ya sayar da babur ɗinsa ya haɗa jari ba zai iya jure canjin doka a tsakiyar aiki ba.

Ga matasa masu sha'awa kuwa, shawarar ba ta da tsawo. A shiga ƙungiya irin MOPPAN, a tambayi waɗanda suka riga shiga, a je ofishin hukuma da ƙafa, a karɓi rasit, a yi fotokwafi a ajiye a jakar lokeshin. Gani ga wane, in ji masu iya magana, ya ishi wane tsoron Allah.

Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai rai.