Teku Ba Juji Ba Ne

Ya 'yan'uwana ɗalibai, ko mun taɓa tambayar kanmu wace doka ce ke hukunta jiragen ruwan da ke sauke mana alkama da man fetur da kifi a tashar Apapa? Dokokin suna nan, kuma yawancinsu sai da aka yi asara aka kafa su.

Nutsewar jirgin Titanic a 1912, inda sama da mutum 1,500 suka halaka, ita ta haifar da yarjejeniyar kare rayuka a teku, wato SOLAS, a 1914. Haka kuma bayan jirgin dakon mai Torrey Canyon ya fashe a gaɓar Ingila a 1967, aka tsara yarjejeniyar MARPOL a 1973 don hana gurɓata teku. Hukumar IMO ta Majalisar Ɗinkin Duniya, mai hedkwata a Landan, ita ke kula da su.

To ina gizo ke saƙa? IMO ba ta da 'yan sanda. Ƙasar da jirgi ke ɗauke da tutarta ita ke da alhakin farko na duba lafiyarsa. Shi ya sa masu jirage ke neman inda haraji da bincike suka fi sauƙi su yi rajista. Laberiya da Panama da Tsibiran Marshall ne ke kan gaba wajen rajistar jirage a duniya, alhali akasarin masu jiragen ba 'yan can ba ne.

Mu a Afirka ta Yamma mun ɗanɗana kuɗarmu. A 1988 aka jibge dubban ganguna na sharar guba daga Italiya a garin Koko, cikin Jihar Delta ta yau. A watan Agustan 2006 kuwa, jirgin Probo Koala mai tutar Panama ya isa Abidjan da dagwalon da aka fasa saukewa a Amsterdam saboda tsadar aikin tace shi. Aka kwashe shi a tankoki aka zubar a unguwannin birnin. Hukumomin ƙasar sun ce aƙalla mutum 15 sun mutu, sama da 100,000 kuma suka nemi magani. Abin lura, jirgin ya yada zango a Legas kafin ya wuce can.

Wasu na cewa tsananta bincike zai kori jirage, kaya su ƙara tsada. Gaskiya ne jinkiri a tasha yana da farashi, amma nawa ne kuɗin ran mutum guda? Kuma masuncin da mai ya kashe masa kifi, wa zai biya shi?

A nawa ra'ayi, mafita tana hannunmu. Dokar duniya ta ba ƙasa mai tasha ikon shiga baƙon jirgi ta bincika, ta tsare shi idan ya gaza. A kan haka ne ƙasashen yammaci da tsakiyar Afirka suka sa hannu a Yarjejeniyar Abuja a 1999. Abin da ya rage shi ne hukumar NIMASA da takwarorinta su wadatu da ƙwararrun sufetoci, kowace tasha ta tanadi wurin karɓar sharar jirage, sannan jirgin da aka kora daga Legas kada ya sami masauki a Kwatano ko Lome.

Hausawa sun ce idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Allah ya sa mu gane.